Mun je gidan Theodore Roosevelt a Sagamore Hill, ga yadda muka ga wajen

Salam jama'a. Tun satin da ya wuce nake son in rubuta wannan saboda 'yan uwa da ke zaune nan New York musamman mu na Bronx, da kuma waɗanda ke zuwa ziyara su ce a kai su wani waje da ba Times Square ba. Yarona ne ya ja mu, yana aji na sha ɗaya kuma a makaranta suna kan tarihin Amurka na farkon ƙarni na 20, kullum ya dawo gida maganarsa Roosevelt kaza Roosevelt kaza, ranar nan ya ce Baba ai gidan mutumin nan yana nan kusa a Long Island kuma ana shiga, toh shikenan muka sa ranar Asabar ni da shi da mai ɗakina.

Sunan gidan Sagamore Hill, yana kusa da garin Oyster Bay, hukumar National Park Service ce ke kula da shi. A nan Theodore Roosevelt shugaban Amurka na 26 ya zauna tun 1885 har ya rasu a 1919, kuma lokacin da yake mulki nan yake dawowa lokacin zafi ya ci gaba da aikin gwamnati, shi ya sa suke ce masa White House na bazara.

Maganar hanya a taƙaice. Jirgin ƙasa na LIRR muka hau daga Penn Station, muka canza a tashar Jamaica, kusan awa ɗaya da rabi kafin Oyster Bay. Daga tasha zuwa gidan akwai kamar mil 3 kuma hawa ne, don haka sai mota. Nan ne kawai muka sha wahala, direban da na kira ta waya ya karɓa ya kuma soke bayan mun tsaya jiransa kusan minti ashirin, na biyun ne ya kai mu saura kaɗan lokacinmu ya wuce. Dan Allah in za ku je ku ba da tazara sosai, domin cikin gidan ba a shiga kai tsaye, sai da ɗan jagora kuma rukuni-rukuni, kowa da lokacin da ke kan tikitinsa, mu tun a gida muka yanki namu ta Recreation.gov. Kuɗin ba yawa, filin waje da ɗan gidan tarihin da ke gefe mai suna Old Orchard kuwa kyauta ne.

Wlh ina shiga zauren farko sai da na ja na tsaya. Kan ɓauna ne ƙato a bango yana kallonka, katakon ɗakin duk baƙi-baƙi, ga warin tsohon itace da tsofaffin littattafai irin wanda kake ji in ka shiga ɗakin karatun wani tsohon malami. Ɗaki 23 ne a gidan, hawa uku, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yawancin kayan na ainihi ne, nasu ne na iyalin, ba sayowa aka yi aka jera don masu kallo ba, tunda matarsa Edith ta ci gaba da zama a ciki har ta rasu a 1948. Kana ganin kujera ka san an zauna a kanta shekara da shekaru.

Babban falon da suke kira North Room shi ne kan gaba, a 1905 aka ƙara shi saboda baƙi sun yi yawa. A nan akwai hauren giwa guda biyu manya waɗanda Sarki Menelik na Habasha ya aiko masa kyauta, da kawunan ɓaunar Amurka, da ƙahonin wata irin barewa babba an rataye hularsa da takobinsa na yaƙin Kuba na 1898 a jiki. Mai ɗakina ta daɗe tana kallon hauren nan, can ta ce min a hankali Malam wannan giwar ai ta kai shekara nawa kafin a kashe ta. Ni ma abin ya tsaya min, don fatu da kawunan dabbobi sun cika gidan, har kwandon shara da ƙafar giwa aka yi shi. Kuma wai wannan mutumin dai shi ne ya killace wa Amurka ƙasa kimanin eka miliyan 230 na daji da tsaunuka don kar a lalata, ya kafa manyan gandun daji na ƙasa guda 5. Bayan ya sauka daga mulki a 1909 ya tafi farauta gabashin Afirka shi da ɗansa Kermit da sunan tara wa gidan tarihin Smithsonian kaya, suka faro daga Mombasa suka ƙare a Khartoum a watan Maris 1910, su biyun kaɗai sun harbe manyan dabbobi 512. Har yanzu ban gama haɗa waɗannan biyun a kaina ba, dajin ƙasarsa ya tsare, na Afirka ya je ya yi ta harbi.

Matar da ta zagaya da mu gaskiya ta iya aikinta. Ba haddar karatu take zubawa ba, tana kallon fuskokin mutane tana tafiya da su, kuma da ta lura yarona ya san wasu abubuwan sai ta riƙa jefa masa tambaya, shi kuwa baki har kunne. A ɗakin karatu wanda shi ne ofishinsa ta tsaya ta ba mu labarin 1905, yadda ya shiga tsakanin Rasha da Japan suna tsakiyar yaƙi, wakilan ƙasashen biyu suka zo nan Oyster Bay ya haɗa su a cikin jirgin ruwa mai suna Mayflower kafin su wuce garin Portsmouth su sa hannu kan sulhu, abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1906, shi ne Ba'amurke na farko da ya same ta. Ɗakin fa ƙarami ne, tebur da littattafai da hotuna, in ba an faɗa maka ba ba za ka ce an taɓa yin maganar da ta shafi duniya a cikinsa ba.

Ta kuma taɓo yadda ya hau mulki yana ɗan shekara 42 a watan Satumba 1901 bayan an harbe shugaba McKinley, da yadda ya maka babban kamfanin jiragen ƙasa na Northern Securities a kotu har aka wargaza shi a 1904, da yajin aikin masu haƙar kwal na 1902 inda ya kira masu kamfani da shugaban ma'aikata ya zaunar da su ɗaki ɗaya, abin da shugabannin baya ba su yi ba, da dokar duba nama da ta abinci da magani ta 1906. Ni da nake aikin tuƙi ina ganin yadda manyan kamfanoni ke matse ƙaramin ma'aikaci, wannan ɓangaren nasa ya shige ni sosai, attajiri ne ɗan attajirai amma ya yarda gwamnati ta fi ƙarfin masu kuɗi kuma ya nuna musu hakan.

Amma ni da tambayata na je. Da ta ce ko akwai mai tambaya na ɗaga hannu na ce ina labarin Brownsville. Ban san yadda za ta ɗauka ba, sai ta amsa kai tsaye ba kwana-kwana, ta ce eh a 1906 ya kori sojoji baƙar fata 167 daga aiki ba tare da an kai su kotu ba, kan zargin harbe-harbe a garin Brownsville na Texas wanda ba a taɓa tabbatar da shi a kansu ba, wasunsu sun kusa fansho suka rasa komai, sai a 1972 gwamnati ta wanke su lokacin kusan duk sun mutu. Ta ce kuma shi ne dai ya gayyaci Booker T. Washington, wani jagoran baƙar fata, cin abincin dare a White House a watan Oktoba 1901, jaridun kudu suka yi masa ca, bai sake irin wannan gayyatar ba. Na ji daɗin yadda ta faɗa a gaban kowa, falon ya yi tsit, yarona ya matso kusa da ni.

Akwai wanda ban tambaya ba don lokaci ya ƙure, zagayen bai cika awa ɗaya ba kuma wani rukunin na jira a baya, sai da muka fito baranda na ba yaron labarin da kaina. A watan Maris 1906 sojojin Amurka sun kewaye Musulmin Moro a kan dutsen Bud Dajo a tsibirin Jolo na Filifin, suka kashe ɗaruruwa har da mata da yara, Roosevelt kuma ya aika wa Janar Leonard Wood saƙon taya murna. Na ce masa ka san me ke faruwa a gida a wannan watan na wannan shekarar? A watan ne Turawan Ingila suka shafe garin Satiru kusa da Sakkwato. Wata ɗaya, shekara ɗaya. Kuma da Roosevelt ya iso Khartoum da Alƙahira a 1910 yabon mulkin Ingila ya yi, ya ce wa Misirawa ba su kai su mulki kansu ba tukuna, har ɗalibai suka yi masa zanga-zanga. Yaron ya yi shiru can ya ce Baba to mutumin kirki ne ko ba na kirki ba. Na ce masa ya riƙe duka biyun da ya ji yau, kar ya yar da ko ɗaya, in ya girma ya ƙara karatu ya yanke da kansa. Shawarata kenan ga duk mai zuwa da yara, ku ɗan karanta kafin ku je, gida ne na iyali kuma dole abin da zai fara nuna maka shi ne uba mai wasa da 'ya'yansa shida a ciyawa, sauran sai ka tambaya, kuma in ka tambaya mu dai an amsa mana.

Barandar nan ita ma abin kallo ce. Akwai inda aka cire shingen katako don ya riƙa tsayawa yana yi wa jama'a jawabi suna tsaye a gangaren ciyawa, nan aka zo aka sanar da shi takarar gwamnan New York a 1898 da ta mataimakin shugaba a 1900 da ta shugaban ƙasa a 1904. Iska na kaɗawa daga ruwa, mun zauna a kujerun mun huta sosai.

Old Orchard kuma kar ku tsallake shi, gidan babban ɗansa ne da aka gina a 1938 aka mayar gidan tarihi, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. A can ne na fahimci zaɓen 1912 da kyau, yadda ya ɓata da Taft wanda shi da kansa ya ɗora a kujerar, ya fita daga Republican ya kafa jam'iyyar Progressive, ƙuri'a ta rabu biyu Woodrow Wilson na Democrat ya wuce da wakilan zaɓe 435, Roosevelt 88, Taft shugaba mai ci 8 kacal. Duk wanda ya san rigimar ubangida da yaronsa a siyasa zai gane labarin nan take. A wannan kamfen ɗin ne wani ya harbe shi a ƙirji a Milwaukee ranar 14 ga Oktoba, harsashin ya bi ta gidan tabarau na ƙarfe da takardun jawabinsa shafi 50 da ya ninke a aljihu, ya ƙi zuwa asibiti sai da ya yi jawabi sama da awa ɗaya rigarsa na jini, kuma harsashin na jikinsa har ya mutu.

Abinci mun tafi da namu, shinkafa da miya a kula, muka zauna a waje muka ci, muka yi azahar a kan ciyawa ƙarƙashin wata bishiya ba wanda ya ko kalle mu sau biyu. Banɗaki tsaf. Masu ciwon gwiwa su sani akwai matakala a cikin gidan kuma ƙunci gare su, mai ɗakina ta hau amma a hankali. Akwai wata hanya ta cikin kurmi da ke sauka har bakin ruwa, mun bi rabi muka juyo saboda jirgi.

Abin da ya fi taɓa ni a duk ranar ɗakin da ya rasu ne a sama. Ɗan ƙaramin ɗaki, gado ɗaya. Autansa Quentin matuƙin jirgin yaƙi ne, aka harbo shi a Faransa ranar 14 ga Yuli 1918, kuma uban shi ne ya yi ta matsa wa Wilson lamba a shiga yaƙin duniya na ɗaya ya kuma ƙarfafa wa 'ya'yansa maza huɗu su tafi. Bai cika wata shida bayan nan ba ya rasu cikin barci, asubahin 6 ga Janairu 1919, yana da shekara 60. Wanda ke zaune kusa da shi a daren hadiminsa ne James Amos, baƙar fata, kuma maganar ƙarshe da ya yi masa ita ce ya kashe fitila. Na tsaya a bakin ƙofar ina kallon gadon, yarona na gefena tsawonsa ya kusa nawa, sai na ji na dafa kafaɗarsa.

In ana ba da tauraro biyar ni biyar zan ba su, don tsaftar wajen da kayan ainihi da kuma matar nan da ta amsa min tambaya ba ta kauce ba. A hanyar komawa tasha mun ce direba ya tsaya da mu a maƙabartar Youngs inda aka binne shi da Edith, matakala 26 ake hawa zuwa kabarin, yaron ya ƙirga su da ƙarfi, muka sauko muka kama jirgin yamma.