Adaftar IDE zuwa SATA a tsohuwar rikodar situdiyo: abin da take gyarawa da abin da ya fi ƙarfinta

Rikodojin ɗaukar sauti masu layuka da yawa da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000, irin su Alesis HD24, Roland VS-1680, Yamaha AW4416, Tascam 2488 da Mackie HDR24/96, kusan dukkansu da faifan ajiya nau'in IDE suke aiki. Kamfanoni sun daɗe da daina ƙera wannan faifai. Wanda ake samu yanzu ko dai ya sha aiki ne, ko kuwa ya shekara da shekaru a ajiye ba a taɓa kunna shi ba, kuma babu wanda ya cancanci a damƙa masa aikin mawaƙi a cikinsu. Ga shi ita rikodar lafiyarta ƙalau, sautinta na nan yadda aka san shi. Wannan ne ya sa ɗan ƙaramin allon da ke haɗa kebul ɗin IDE mai fil 40 da faifan SATA, wato nau'in da ya maye gurbin IDE, ya zama kayan da duk mai irin wannan na'ura zai nema wata rana.

Hukuncina a kan wannan adafta shi ne tana aiki, kuma ta cancanci saye, in dai an zaɓi mai kyau kuma an san iyakarta. Ba ta ƙara wa rikoda ko gigabait ɗaya a kan abin da manhajar cikinta ta iya lissafawa. A nan ne mafi yawan masu saye ke yin asara.

A fara da lissafin wurin da sauti ke ci, domin shi ne zai nuna ko ana ma bukatar babban faifai. Layi ɗaya a bit 24 da 48 kHz yana cin bait 144,000 a daƙiƙa, wato MB 8.64 a minti. In an buɗe layuka 24 gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa HD24 a wurin taro ko wasan kai tsaye, abin ya kama MB 207 a minti, kusan GB 12.4 a awa. Faifai mai GB 120 zai ɗauki awa tara da rabi da ɗan ɗori, mai GB 500 kuwa wajen awa 40. A 96 kHz HD24 tana komawa layuka 12, saboda haka lissafin bai canja ba. Wanda ke aiki da bit 16 da 44.1 kHz, layinsa ɗaya MB 5.3 kawai yake ci a minti. Abin lura shi ne duk layuka 24 ɗin nan ba su kai MB 3.5 a daƙiƙa ba. Mafi raunin faifan SATA da ke kasuwa ya ninka wannan sau da yawa, don haka duk alƙaluman gudu da aka rubuta a jikin kwali ba su da wani amfani a wannan aiki. Abin da rikoda ke so shi ne faifan da ba ya tsayawa ya yi tunani a tsakiyar rubutu.

Ita kanta adaftar iri uku ce, biyu daga cikinsu sun yi kama a hoto. Akwai wadda ke haɗa tsohuwar na'ura mai IDE da sabon faifan SATA, ita ce ake nema. Akwai kuma kishiyarta, mai haɗa tsohon faifan IDE da sabuwar kwamfuta. Akwai ta uku mai makunni da ke yin duka biyun, kuma ban ba da shawarar ta ba, saboda girmanta ya fi yawa kuma ƙarin makunnin ƙarin wurin kuskure ne. Abin da ya bambanta mai kyau da ta banza shi ne aisin da ke kan allon, wato ɗan guntun lantarkin da ke fassara tsakanin IDE da SATA, da kuma jamfa, wato ɗan maƙalin nan da ake sawa a kan fil biyu don a nuna faifan na gaba ne ko na baya. Aisi biyu aka fi gani: Marvell 88SA8052, wanda ke kan allon StarTech IDE2SAT2, da JMicron JM20330, wanda ya cika alluna masu arha. Na Marvell ya fi suna wajen jituwa da tsofaffin na'urori masu tsaurin kai. Na JMicron ma yana aiki a na'urori da dama, sai dai ingancin allon da aka ɗora shi a kai yana bambanta ƙwarai daga mai ƙera zuwa mai ƙera. Duk allon da ba shi da jamfa kwata-kwata a bar shi. A rikodar da faifai da na'urar ƙona CD suke kan kebul ɗaya, in ba a iya saita allon a MA (na gaba) an bar na CD a SL (na baya) ba, ɗayansu zai ɓace, ko kuma na'urar ta tsaya cik a tambarin farko.

Matsalar da ba a cika faɗa ba ita ce wuri. Durowar HD24, wato akwatin da ake zura faifai a ciki, an auna ta ne daidai da faifai mai inci 3.5, da ɗan gajeren kebul da filogin wuta mai fil huɗu a bayansa. In aka sa faifan SATA mai inci 3.5 aka ƙara allon a bayansa, sau da yawa murfin ba ya rufuwa, in kuwa an danna da ƙarfi sai mahaɗin SATA ya tsage, don roba ce siririya. Mafita ita ce faifai mai inci 2.5, ko SSD (faifan da babu abin da ke juyawa a cikinsa) ko mai juyawa, a ɗaure shi a kan farantin da ke mayar da shi ma'aunin 3.5, a tura shi gaba yadda allon zai samu sarari. A shimfiɗa roba ko tef mai hana wuta a ƙarƙashin allon, saboda bayan allon cike yake da ɗigon dalma tsirara, kuma in ya taɓa ƙarfe ya gama aiki. Kada a bar faifan yana lilo a kan kebul da sunan SSD ba ya tsoron girgiza. Shi ba ya tsoro, amma mahaɗin yana sassautawa, kuma rikodar da ake ɗauka daga wuri zuwa wuri a mota za ta nuna hakan a ranar da ba a so.

Na'urori irin AW4416 da jerin VS na farko faifai mai inci 2.5 na IDE suke ɗauka, mai fil 44, wanda wutarsa ta bolt 5 ke bi ta cikin mahaɗin ɗaya. Su allon fil 40 bai shafe su ba. Abin da ya dace da su shi ne adaftar mSATA (ƙaramin SSD mai siffar kati) zuwa fil 44 da ke zuwa cikin kwanso mai girman tsohon faifan, ko kuma adaftar katin ajiya na CF (CompactFlash). A nan juya mahaɗi baibai yana da haɗari na gaske, domin wuta za ta shiga inda bai kamata ba. Kafin a cire tsohon faifai a ɗauki hotonsa yana haɗe, a lura da gefen jan layin kebul, shi ne fil na 1, a kuma lura da fil huɗun da ke gefe ɗaya a ware, waɗanda na jamfa ne, kebul ba ya hawa kansu.

Batun girma shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane. Tsohon tsarin lissafin adireshi na bit 28 yana ƙarewa a kusan GB 137, domin sekta, wato ƙananan gidajen ajiya na faifai, kusan miliyan 268 kawai yake iya ƙirgawa (2 a ninke da kanta sau 28), kowace mai bait 512. Tsarin bit 48 da ya cire wannan shinge ya zo ne da ma'aunin ATA-6, kuma rikodoji da yawa an riga an gama rubuta manhajarsu kafin nan. In aka sa wa irinsu faifai mai GB 500, abu mafi sauƙi da zai faru shi ne su ga 137 kawai, sauran ya tafi a banza. Wasu kuma ƙin yin fomatin suke yi. Mafi muni ita ce wadda za ta karɓa kamar komai lafiya, sai ranar da rubutu ya wuce shingen adireshin ya zagayo ya hau kan farkon faifai, inda jadawalin waƙoƙi yake. Saboda haka ga na'urar da ba a tabbatar da iyakarta ba, SSD mai GB 120 ko 128 shi ne zaɓin hankali, duka biyun suna ƙasa da shingen.

Wasu ma ba su kai nan ba. VS-1680 tana raba faifai kaso-kaso, kowane kaso bai wuce GB 2 ba, kason kuma ba su wuce takwas ba, don haka GB 16 ne ƙarshen abin da za ta taɓa amfani da shi, ko da me aka sa mata. AW4416 tana tsayawa a GB 64, kuma waƙa ɗaya ba ta wuce GB 6.4. Mackie HDR24/96 tana makalewa a GB 32 har sai an sauya mata BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'urar. HD24 ce ta fi sakin jiki, tana ɗaukar faifan da ya haura 137, amma a fara sabunta manhajarta zuwa ta ƙarshe kafin a gwada. Adafta ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan iyakoki, tafinta ce kawai tsakanin na'ura da faifai.

Wajen zaɓen faifan da za a sa a bayan allon, abu biyu za a guje wa. Na farko faifai mai juyawa da ke rubutu a tsarin SMR, wanda ya yi yawa cikin masu inci 2.5 na TB 1 da TB 2. Irinsa yana tara rubutu a wani ɗan wuri sannan ya koma yana sake jerawa, kuma a lokacin jerawar yakan yi jinkirin da ya isa rikoda ta yanke ɗauka ta nuna saƙon cewa faifai ya yi nauyi. Na biyu faifan da sektarsa 4K ce zalla ba tare da kwaikwayon 512 ba, tsohuwar na'ura ba za ta gane shi ba sam. SSD kuwa yana da fa'idar da ta wuce shiru da rashin zafi: bolt 5 kaɗai yake sha, alhali faifai mai inci 3.5 yana jan wuta mai yawa a layin bolt 12 lokacin da yake tashi, kuma tukunyar wutar rikodar da ta haura shekara ashirin ba kullum take jure wannan ba. Gaskiya ne waɗannan na'urori ba su san umarnin TRIM ba, wanda ke sanar da SSD wuraren da aka goge, amma a gudun MB 3.5 a daƙiƙa wannan ba abin tayar da hankali ba ne, muddin ba a cika faifan maƙil ba. Katin CF ma zaɓi ne mai kyau ga masu ƙaramar iyaka, tunda shi da ma yaren IDE yake ji, adaftarsa waya ce kawai babu aisi. Sai dai wasu katunan suna gabatar da kansu a matsayin abin cirewa, wasu rikodojin kuma ba sa yarda da hakan.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a kwashe duk abin da ke tsohon faifan. A HD24 wannan yana bukatar haƙuri in ta hanyar waya za a bi, domin mahaɗinta 10Base-T ne, wanda ko a takarda bai wuce MB 1.25 a daƙiƙa ba. Awa ɗaya ta layuka 24 za ta ci kusan awa uku a mafi kyawun hali, a aikace kuma ta fi haka nesa. FirePort na Alesis, na'urar da ke haɗa durowar da kwamfuta kai tsaye, ko manhajar HD24tools mai karanta faifan a kwamfuta, sun fi sauri ƙwarai. Gargaɗi mai muhimmanci: faifan HD24 yana kan tsarin FST ne na Alesis, Windows ba ta san shi ba, saboda haka da an haɗa shi za ta ce sabon faifai ne ta nemi a shirya shi. Amsa ita ce a'a, kowane lokaci. Danna eh yana rubutu a kan sektar farko, rikoda kuma ta daina gane faifanta. Sautin yana nan, ana iya ceto shi da HD24tools, amma wahala ce da ba ta da dalili. A Tascam 2488 kuwa kason FAT, wato ɓangaren faifan da ke kan tsarin da kwamfuta ta sani, shi kaɗai take gani ta USB, don haka sai an fitar da kowace waƙa zuwa wannan kason tukuna.

Fomatin sabon faifai a cikin rikodar ake yin sa, ba a kwamfuta ba. In ta ƙi ganinsa, a bi abubuwa uku a jere: jamfa, wutar allon, sannan kebul. Alluna da yawa suna da nasu ƙaramin filogin wuta irin na tsohuwar na'urar fulofi, kuma mantawa da shi shi ne kuskuren da ya fi yawa. Kebul ɗin da ya shekara ashirin a lanƙwashe wuri ɗaya ma yakan karye a ciki, sabo mai waya 80 ya fi tsafta.

Ganin faifai a allon rikoda bai isa shaida ba. A buɗe duk layukan, a tura musu sauti mai ɗorewa, a bar ta tana ɗauka awa biyu ba tsayawa, sannan a saurari farko da tsakiya da ƙarshe ana neman ƙas-ƙas ko giɓi. A gwada shiga da fita ɗauka a tsakiyar waƙa yayin da sauran layuka ke kunne, saboda a nan ne karatu da rubutu ke haɗuwa, a nan kuma allo mai rauni ke tona kansa. Bayan haka a kashe na'urar, a bar ta ta huce sarai, a kunna, a maimaita sau biyar ko shida. Akwai allunan da ke aiki lafiya in na'ura da ɗumi, amma da sanyin safiya sai faifan ya ƙi bayyana a kunnawar farko. Wanda ya yi haka ko sau ɗaya a mayar da shi a karɓo wani mai aisi daban, kuma in rikodar HD24 ce, a maimaita gwajin gaba ɗaya a durowa ta biyu, domin kowace durowa da nata mahaɗin.