Chianti ko Trevi: amsa ga Hajiya kan gidajen gonar zaitun na Italiya

Hajiya barka da warhaka, naga tambayarki kan tsofaffin gidajen gonar nan na kan tuddai masu man zaitun, wai a Italiya yankin Chianti za ki je ko yankin Umbria. Ki tafi Umbria, wajajen Trevi, kar ma ki wahalar da kanki da dogon tunani.

Duka biyun na je. Trevi a watan Nuwamba muka je ni da maigida lokacin girbi, garin na kan tudu tsakanin Foligno da Spoleto, duk inda kika waiga zaitun ne hawa hawa an tokare ƙasar da katangar dutse. Gidan da muka sauka tsohon ginin dutse ne na iyali ɗaya kuma suna da injin matsar mansu, frantoio suke ce masa, zaitun da aka karkaɗo da safe kafin dare ya zama mai, kore shar yana ƙamshi kamar ɗanyar ciyawa. Tsohon mai gidan ya gasa mana burodi a kan garwashi ya goga tafarnuwa ya kwarara man da ɗan gishiri, wallahi cizon farko sai da na yi tari don yajin da ya kama min maƙogwaro, ya ce haka ake so, irin zaitun ɗinsu Moraiolo dama da ɗaci da yaji yake zuwa in sabo ne. Gwangwani mai lita 5 na sayo, har kan ɗanwake nake zubawa, yara tun suna yatsina fuska har suka saba. A ƙasan garin kuma, a Bovara, akwai wata bishiyar zaitun da ake cewa ta kai wajen shekara 1,700, ki kai yara su gani. Jirgin ƙasa na tsayawa a Trevi, sai dai tashar a ƙasa take garin a sama, ki roƙi masu gidan su zo su ɗauke ku.

Chianti kam yana da kyau ba ƙarya, tsakanin Firenze da Siena yake, kuma akwai tarihi, tun 1716 aka shata iyakar yankin, gidan Brolio ma tun 1141 yake hannun dangin Ricasoli. Amma kasuwarsu giyar inabi ce, man zaitun ɗan rakiya ne. Wani gida da na biya kuɗin zagaye, ba Brolio ba, rabin lokacin a ɗakin gangunan giya muka ƙare, mu da ba ma sha muna tsaye kamar baƙin biki, a ƙarshe aka miƙo mana 'yar kwalbar mai da tsadar da har yau take min ciwo. Man ba laifi. Ga shi in ba ki da mota kin shiga uku.

Su ma Umbria suna yin giya fa, garin Montefalco da ya yi suna da ita na kusa da Trevi, shi ya sa tun a waya ki gaya musu mai kawai kuke so ku gani.

Sannan dan Allah ki kula da masu sayarwa a bakin hanya da shagunan 'yan yawon buɗe ido, za ki ga kwalba da hoton tudu da bishiyoyi kamar daga gonar kakansu aka matso, ki juya bayanta sai kiga an rubuta haɗin man ƙasashen Tarayyar Turai ne. Ki nemi tambarin DOP Umbria, wato shaidar cewa a Umbria aka noma zaitun aka matse man, da shekarar girbi, ba ranar lalacewa kaɗai ba, kuma gwangwani ko baƙar kwalba, don haske na kashe mai. Kilo 100 na zaitun wajen lita 15 na mai kawai yake bayarwa a tuddan nan, duk wanda ya kawo miki shi da arha sosai to akwai lauje cikin naɗi. Wanda ya hana ki ɗanɗanawa ma ki bar masa kayansa.

Wajen abinci ki riƙa tambaya, mutanen Umbria akwai son naman alade, har a miyar wake suna jefawa, ki ce musu senza maiale, wato ban da alade, tun kafin a zubo.