Gwajin AMP kafin a saka ƙafar roba: abin da yake gani da abin da ke kuɓuce masa

Na jima ina amfani da takardar gwajin AMP (Amputee Mobility Predictor, gwajin da ke hasashen yadda mutum zai iya tafiya da ƙafar roba) a ɗakin gashi a nan Gombe, kan waɗanda aka yanke wa ƙafa, galibi saboda ciwon suga, hatsarin babur, ko ɗorin da aka ɗaure da ƙarfi har jini ya daina gudu. Robert Gailey da abokan aikinsa ne suka fitar da gwajin a Amurka a 2002. Hukuncina shi ne ya cancanci a yi shi kafin iyali su sayar da saniya ko gona domin ƙafa.

Kayan aikinsa ba su da tsada: kujeru biyu, agogo, fensir, matakala, da wani abu mai tsayin inci 4 da za a tsallake. Cikin minti 15 an gama. Abubuwa 21 ake dubawa. Mutum zai zauna minti ɗaya ba jingina, ya koma daga kujera zuwa kujera, ya miƙe ba tare da dafawa ba, ya tsaya ido a rufe, a ɗan tura shi a ƙirji sau uku, ya ɗauki fensir daga ƙasa. Maki mafi yawa 43 ne ga wanda ba a saka wa ƙafa ba tukuna, 47 ga mai ita. Daga nan sai a ajiye shi tsakanin K0, wanda ƙafar ba za ta sa shi tafiya ba, zuwa K4, wato ƙaƙƙarfan mai aikin ƙarfi.

Wurin da na fi zuba ido shi ne tsayuwa kan ƙafar da ta rage na daƙiƙa 30. Dattijon da ya yi wata biyu a kwance, za ka ga yatsunsa na kama ƙasa, cinya na kakkarwa, hannu na laluben bango tun bai kai daƙiƙa biyar ba. Wannan ba ƙafar roba yake buƙata yau ba, makonni na motsa jiki yake buƙata, sannan a sake gwadawa. Makin yakan tashi.

Sai dai takardar ba ta duba dungun. Idan ana cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa kullum, gwiwar sai ta ƙage a lanƙwashe, soket, wato kwaryar ƙafar roba da dungu ke shiga ciki, kuma ba zai zauna daidai ba. Idan ba a naɗa bandeji gicciye kamar lamba 8 ba, dungu yakan kumbura. A auna a haka, bayan wata ya rame, ƙafar robar ta yi sako-sako, fata ta saluɓe. Ga mai ciwon suga da ba ya jin zafi, wannan gyambo ne. Haka wanda aka yanke sama da gwiwa, ƙarfin da yake kashewa a tafiya ya fi na ƙasa da gwiwa sosai, don haka a duba zuciya da numfashi.

Kuma a kan daɓe mai santsi aka tsara gwajin. Babu yashi a ciki, babu tsugunno a banɗaki, babu zaman tahiya, babu hawa Keke Napep. Shi ya sa nake ƙarawa da kaina: na shimfiɗa tabarma, na ce, "Baba, sauka ƙasa ka tashi mu gani." Wani mai maki 30 a nan yake cijewa, sai mu fara koyon tashi daga ƙasa tun kafin a je awon ƙafa.