Ofishin Tsoffin Sojoji Na Garinmu Da Bikin 15 Ga Janairu: Abin Da Na Gani

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shiga aikin soja a 1968, lokacin da yaƙin basasa yake tsakiyar ci, kuma yana cikin dattawan nan da lambarsu ta aiki take farawa da 63NA, waɗanda har yau suke kiran junansu da wannan lamba kamar sunan zuriya. Da muƙamin kofur ya bar aiki. Tun da ganinsa ya yi rauni ni nake riƙe masa jakar takardunsa, wannan ne ya sa na shafe fiye da shekara guda ina zirga-zirga a ofishin tsoffin sojoji na garinmu, na kuma halarci bikin tunawa da 'yan mazan jiya sau biyu a jere. Abin da zan faɗa a nan ra'ayin ɗan rakiya ne, wanda ya zauna a kan benci ya jira, ba na mai kaki ba.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da baranda a bayan sakatariyar ƙaramar hukuma. A cikinsa akwai tebur, da benci biyu, da kabad na ƙarfe wanda sai an dafa shi da gwiwa yake rufuwa, da tutar ƙasa da rana ta ci launinta. Ana buɗe shi ranar Litinin da ranar Alhamis, kuma an zaɓi Alhamis ne saboda ita ce ranar kasuwar garin, wadda mutanen ƙauyuka suke samun motar shigowa cikin sauƙi. Wannan zaɓi kaɗai ya nuna mini cewa wanda ya tsara lokutan ya san mutanen da yake yi wa hidima. Mai riƙe da ofishin wani tsohon samanja ne, wanda kowa yake kira Baba Samanja, kuma dukan abin da zan yaba a wannan rubutu, in aka bi diddiginsa, a kansa yake tsayawa, shi da wani babban littafin rajista mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi.

Ya kamata mai niyyar zuwa ya san tun daga gida cewa wannan ofis ba ya biyan fansho, domin mutane da yawa suna zuwa da wannan zato su koma da fushi. Fanshon soja yana hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja, kuma tun da aka yi wa dokar fansho gyara a 2011 aka cire sojoji daga tsarin adashen fansho da aka kawo a 2004, kuɗinsu daga gwamnatin tarayya yake fitowa kai tsaye zuwa asusun banki. Aikin ofishin garinmu shi ne ya sanar da mutum abin da ake nema daga gare shi, ya duba masa takardunsa kafin ya kashe kuɗin mota, ya kuma haɗa shi da wanda zai ji kukansa a babban birnin jiha. Ƙaramin aiki ne a baki, amma ga dattijon da bai iya karatun boko ba, shi ne bambanci tsakanin a ga kuɗi a wata da a shiga cin bashin mai shago.

Na ga amfanin wannan aiki da idona lokacin da aka zo tantance masu karɓar fansho. Kawu, kamar 'yan Arewa da yawa na zamaninsa, da ya je ɗaukar soja sunan garinsu ya bayar a matsayin suna na biyu, haka kuma aka rubuta a takardarsa ta sallama. Shekaru da yawa bayan haka, da aka zo yin katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki, sai ya bayar da sunan mahaifinsa. A wurin na'ura waɗannan mutane biyu ne daban. Na shiga ofishin raina a ɓace, na gaishe da Baba Samanja na ce, "Ranku ya daɗe, an ce sunan Kawu bai dace ba, ban san ta inda zan fara ba." Bai kalli takardun ba tukuna, sai ya dubi Kawu ya ce, "Kofur, lambarka." Kawu, wanda a safiyar nan sai da muka nemo masa hularsa a ƙarƙashin filo, ya miƙe tsaye ya ƙame, ya karanto lambar daga farko har ƙarshe ba tare da tuntuɓen harshe ba. Samanja ya buɗe littafinsa ya gano shafin, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, wannan ba ciwo ba ne, mun sha ganinsa. Ka je kotu a yi takardar rantsuwa cewa mai sunan nan biyu mutum ɗaya ne, ka yi kofe uku, kada ka bar wa kowa ta asali." Ya rubuta mini jerin abin da zan haɗa a bayan wata tsohuwar ambulan, bai karɓi ko kwabo ba, kuma da na yi yunƙurin ba shi kuɗin goro sai ya ture hannuna.

Ta fuskar lafiya, abin da ofishin yake iyawa kaɗan ne. Inshorar lafiyar sojoji da kamfanin Defence Health Maintenance Limited yake gudanarwa ta haɗa da waɗanda suka yi ritaya, kuma Samanja yana bayyana wa mutane yadda ake rajista, amma asibitin da za mu iya zuwa da katin inshorar yana da nisa daga garinmu, ofishin kuwa ba shi da ko babur. Dattijo mai ciwon ƙafa da hawan jini yakan lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, ya ga gara ya tsaya a kemis ɗin bakin kasuwa. Akwai kuma aikin gadi da ake samar wa masu sauran ƙarfi a makarantu da rumbunan 'yan kasuwa, irin wanda ƙungiyar tsoffin sojoji ta Nigerian Legion, da aka kafa a 1964, ta shahara da shi a faɗin ƙasa. Wannan yana tafiya daidai gwargwado, ba ni da abin cewa a kansa.

Inda ofishin ya fi gazawa a ganina shi ne wajen matan da mazajensu suka rasu. Barandar wurin majalisar maza ce, ana shan shayi ana labarin Laberiya da Saliyo, kuma babu mace ko ɗaya da take aiki a ciki. Wata Alhamis na tarar da wata mata, da alama ba ta daɗe da fita takaba ba, zaune a gindin darbejiya can nesa da ƙofa, tana aika ɗanta ɗan firamare ya shiga da takarda ya fito da amsa. Sau huɗu yaron ya shiga ya fita, kuma kowace amsa tana isa gare ta a gutsure. Matsalarta sananniya ce: mijinta ya shiga soja kafin ya yi aure, sai ya rubuta sunan yayansa a matsayin magaji, bai kuma canza ba har ya bar duniya. Irin wannan magana tana buƙatar zama, da sirri, da wanda zai kira dangin miji a daidaita, ba saƙon yaro ba. Da aka gaya wa Samanja ya fito da kansa ya tsuguna daga gefe suka yi magana, kuma na yaba masa, amma tsari bai kamata ya dogara da cewa wani ya lura da mace a gindin bishiya ba. Da za a ware wa mata sa'o'i biyu a mako, a samu ɗaya daga cikin matan tsoffin sojojin ta zauna a tebur, da an rage wannan wahala ba tare da an kashe kuɗi ba.

Sai batun biki. Da can Najeriya tana tunawa da mazan jiya ne ranar 11 ga Nuwamba tare da sauran ƙasashen renon Ingila, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ga ɗan Arewa ranar tana da wani nauyi na daban, domin a irinta ce a 1966 aka yi juyin mulkin da ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, ko da yake ba a ambaton wannan a filin fareti. A Abuja shugaban ƙasa yana ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a saki fararen tattabaru, bayan an yi addu'o'i a masallacin Juma'a da kuma coci ranar Lahadi. Garinmu yana kwaikwayon wannan tsari daidai ƙarfinsa, a gaban wani ɗan ginshiƙin siminti da ake shafa wa farin fenti ana jajibirin ranar.

Faretin dattawan shi ne abin da ya cancanci a bar aiki a je a gani. Wasu da sanda suke zuwa, amma da mai bigila ya busa, Samanja ya daka tsawa, sai ka ga an jingine sanduna, kafaɗu sun miƙe, lambobin girma suna ƙara a ƙirji. Kawu ya kwana yana goge takalminsa. 'Yan sanda da 'yan agaji da 'yan sikawut suna biye da su, kuma minti ɗaya na shiru da ake yi shiru ne na gaske, har masu tallan gyaɗa suna sauke farantansu.

Abin da ya ɓata mini rai a shekarun biyu iri ɗaya ne. An ce a hallara da ƙarfe takwas, dattawan suka zo tun kafin lokaci kamar yadda bariki ya koya musu, manyan baƙi kuwa ba su iso ba sai wajen sha ɗaya. A tsakiyar hunturu ne, iska tana kwaso ƙura tana watsa wa mutanen da wasunsu sun haura tamanin, kujerun da ke ƙarƙashin rumfa kuwa an jera su babu kowa, an hana a zauna saboda na baƙi ne. Da aka zo jawabi sai aka karanta shi da Turanci daga farko har ƙarshe. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai, domin a zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya, da ita aka horar da dubban mutanen da suka je ƙasar Bama (Burma) cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda sunayen barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya suke tuna mana da su. A ce jikokin waɗannan mutane ba su samu ko fassarar minti biyar ba a ranar da aka ce tasu ce, wannan sakaci ne na masu shirya taron.

Sannan ginshiƙin babu suna ko ɗaya a jikinsa, ba a kuma karanta sunan kowa a taron. Na fahimci hikimar sojan da ba a san sunansa ba a babban birnin ƙasa, amma a ƙaramin gari mun san sunayen. Mun san gidan da ɗansu ya je Kwango a farkon shekarun 1960, da wanda bai dawo daga Laberiya ba bayan tafiyar dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma a 1990, da samarin da aka yi wa sallar gawa ba gawa tun da rikicin Arewa maso Gabas ya ɓarke a 2009. Iyayen wasunsu suna tsaye a bayan igiya cikin 'yan kallo. Karanta sunayen ba zai ɗauki lokacin da gabatar da manyan baƙi ya ɗauka ba. Haka nan alamar tunawa da ake maƙalawa a ƙirji, wadda shugaban ƙasa yake ƙaddamarwa kowace shekara don tallafa wa tsoffin sojoji da iyalan mamata, an sayar da ita a garinmu kuma na saya, amma kwamitin bikin bai liƙa wa jama'a lissafin abin da aka tara ba. Abin da na gani an raba shi ne 'yan mudun shinkafa da turmin atamfa ga wasu mata, aka tsayar da su a rana har mai hoto ya gama.

Ga wanda zai kai nasa dattijon, shawarata ita ce ya je ranar Litinin, domin Alhamis cunkoso ne, ya tafi da takardar sallama da katin ɗan ƙasa da bayanin asusun banki da hotuna ƙanana, kowanne da kofensa, kuma ya roƙi a duba sunan magajin da ke rubuce tun mai shi yana raye. Ranar biki kuwa a tafi da kujerar roba da ruwa da abin rufe hanci, kada a dogara da rumfa.

Abin da ya fi damuna shi ne littafin nan mai baƙin bango. A cikinsa ne sunan kowane tsohon soja na yankin yake, da lambarsa, da ƙauyensa, da ranar rasuwar waɗanda suka rasu da jan biro, kuma babu kofensa a ko'ina, ga rufin ɗakin yana yoyo daidai saman kabad. Na nemi Baba Samanja ya ba ni shi in kai shagon kofe, ya ce littafin bai taɓa kwana a waje ba kuma ba zai fara a hannunsa ba. Muka daidaita a kan in riƙa zuwa bayan Azahar, in mutane sun ragu, ina ɗaukar hoton shafukan da wayata yana zaune yana kallo, a buga a ɗaure a ajiye ɗaya a gidansa. Yanzu mun wuce rabi, kuma aikin yana jan lokaci ne saboda kusan kowane shafi sai ya ɗora yatsa a kan wani suna ya ce in dakata ya gaya mini inda suka haɗu.