Shekara 2 da esi mai fuska biyu a falona, ga abin da na gani

To jama'a, yau shekara 2 da 'yan watanni ke nan da na cire tsohon esin falo na sa wannan da ake ce wa famfon zafi, wato wanda yake sanyaya ɗaki kuma yake ɗumama shi, kuma tun lokacin duk wanda ya shigo sai ya tambaye ni wai shin ya fi esi sanyi ne. Kar in ja ku da nisa, bai fi ba. Nima lokacin da zan saya zato nake wata sabuwar fasaha ce daban, ashe Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ranar da aka zo ɗaurawa na tsaya a kan mai aikin, ya buɗe murfin injin waje ya nuna min wani ɗan ƙarfen tagulla mai bututu 4, ya ce min "Oga ka ga bawul ɗin nan? To shi ne duk labarin, in ka cire shi esi ne kawai." Kuma kusan haka ɗin ne, sai 'yan na'urorin auna zafi da aka ƙara. Shi esi dama ba sanyi yake ƙerawa ba, kwashe zafin ɗaki yake ya zubar a waje, shi ya sa in ka tsaya gaban injin waje huci ne ke dukan fuskarka. Gas ɗin ciki zagaye yake yi, a cikin ɗaki ya zama tururi ya sha zafi, kwamfireso ya matse shi ya tura waje ya huce ya koma ruwa-ruwa ya sake dawowa. Bawul ɗin nan juya hanyar kawai yake yi, sai na waje ya koma mai shan zafi na ciki kuma mai fitarwa. Dabarar ma tsohuwa ce, masanin kimiyya Lord Kelvin ya yi bayaninta tun 1852, shekara 50 kafin Willis Carrier ya haɗa esin zamani na farko a 1902 saboda wata maɗaba'a a Brooklyn ta Amurka da laima ke ɓata wa takarda.

Wajen sanyaya ɗaki ba ni da ƙorafi a yawancin ranaku, shiru yake aiki, ina barinsa a digiri 25 ko 26 in manta da shi, mita ma ta rage gudu sosai. Amma fa kar a yabi ɗan kuturu da abin da ba nasa ba, wannan aikin inbata ne ba na bawul ba. Tsohon nawa irin mai tashi da mutuwa ne, ya tashi gurrr har kwan fitila ya lumshe ido, ɗaki ya yi ƙanƙara ya mutu, ka fara gumi ya sake tashi. Mai inbata kuwa kwamfiresonsa rage gudu yake ya ci gaba a hankali, kuma tun 1981 Toshiba ta fito da shi don gidaje. Esi mai sanyi zalla in dai mai inbata ne haka zai yi maka, babu ragi babu ƙari.

Sai ɓangaren ɗumi, wanda shi ne na biya ƙarin kuɗi dominsa. Na zauna na ƙirga, a shekara daren da nake kunna shi bai wuce na sati 3 ba, shi ma yawanci da asuba ne. Amma gaskiya a 'yan kwanakin nan yana burge ni. Hita mai jan waya in ta ci kilowat 1 na wuta kilowat 1 na zafi za ta ba ka, iyakarta ke nan, shi kuwa wannan da yake ɗebo zafin yake daga iskar waje, kilowat 1 zai iya kawo maka 3 ko 4 in sanyin bai yi tsanani ba. Abin dariyar ma a ƙasar zafi ya fi samun sauƙin aiki, tunda iskar da ke digiri 12 ko 15 da muke rawar ɗari a cikinta cike take da zafi a wurinsa. A Norway fiye da rabin gidaje da shi suke ɗumi a cikin dusar ƙanƙara, balle mu. Wato inda ya fi iya aikin nan ne aka fi rashin buƙatarsa.

Yanzu abubuwan da suka ɓata min rai. Na farko rimot. Alamar rana a jikinsa ɗumi take nufi, alamar ƙanƙara kuma sanyi, to wata rana tsakiyar zafi Hajiyarmu ta zo ta ga hoton rana ta ce ai wannan shi ne na lokacin rana, ta danna, na dawo na tarar da ita tana fifita da mayafi tana cewa "kai ɗan nan an cuce ka, wannan abin wuta yake hurawa." Na ce Hajiya ki yi haƙuri laifin masu zanen ne. Haka in ka bar shi a kan oto, da kansa zai riƙa juyawa tsakanin sanyi da ɗumi yana cin wuta a banza, ni na daina taɓa wurin.

Na biyu, in ka kunna ɗumi sai ya yi 'yan mintuna shiru kafin iska ta fito, ranar farko har na ɗauko waya zan kira mai gyara, ashe jira yake bututun ya yi zafi kar ya huro maka sanyi. Kuma da yake a saman bango yake, iska mai zafi kuma sama take tashi, dole ka karkatar da bakinsa ƙasa in ba haka ba silin ne zai sha ɗumi ƙafarka na daskarewa. Na uku, lokacin ɗumi ruwa daga injin waje yake zuba ba na ciki ba, wanda ya ɗaura min bai sa masa tiyo ba don ya saba da esi zalla, sai da bango ya yi tabo na lura. Bawul ɗin ma ya taɓa maƙalewa bayan ya yi wata da watanni ba a juya shi ba, iska ta riƙa fitowa ba zafi ba sanyi, kuma sai a mai gyara na biyu aka gano, na farko gas ya ce zai ƙara min.

Abin da ya fi ci min rai kuwa mai shagon bai faɗa min ba, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci ga mai zama a wuri mai zafi. Akwai rukunin T1 akwai T3. T1 ana gwada ƙarfinsa ne a digiri 35 na waje, T3 kuma a 46. Nawa T1 ne. Ranar da rana ta ƙwalle da gaske sai ka ji ya yi laushi, yana aiki amma kamar mai azumi da la'asar, daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Da na sani da kuɗin bawul ɗin a nan na zuba su. Girma ma a kula, da BTU ake auna ƙarfin esi, BTU 12,000 kusan kilowat 3.5 ne na sanyi, kuma mutane na son sayen babba wai don ya yi sauri, to zai yi saurin kuwa ya tsaya kafin ya tsotse laimar ɗaki, ka zauna cikin sanyi jiki na danƙo. A duba gas kuma, R-22 ana sallama da shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, R-410A ma ana janye jiki daga gare shi tun gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 don ƙarfin ɗumama duniyarsa ya haura na iskar kabon sau 2,000, R-32 kuwa 675 ne, sai dai yana ɗan kama wuta don haka ba kowane mai sufana za ka bari ya taɓa shi ba. Kuma ka tsaya a kan mai ɗaura maka sai ya zuƙe iskar bututu da injin bakyum kafin ya saki gas.

In kana wurin da sanyi ke kai wata 2 ko 3, ko kan tudu inda dare ke yin ɗari, ko akwai tsoho ko jariri a gida kuma dama kana kunna hita, saye shi ba za ka yi nadama ba, na ba shi 4 cikin 5. In kuwa bargo ɗaya ke raba ka da sanyin shekara, 2 da rabi ma na yi masa kara. Ni da na tashi sa wa ɗakin kwana bara mai sanyi zalla na ɗauko, inbata, T3, rimot ɗinsa ko hoton rana babu, Hajiya ma can take zama yanzu in ta zo.