Injiniyan Lantarki: Jami'a ko Foliteknik, Wane Reshe, Wane Gari?

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, sai wani uba ya turo min ɗansa, ko ya riƙo hannunsa su zo tare. Maganar kusan ɗaya ce: "Injiniya, ga ɗanka nan. Tun yana ƙarami ba ya barin rediyo da tocila su zauna lafiya, sai ya kwance su. Lantarki zai karanta, ka faɗa mana jami'ar da ta fi." Ni kuma abin da nake fara tambayar yaron shi ne yaya suke da lissafi. Sau da yawa a nan hirar take yin sanyi.

Dalilin tambayar shi ne digirin lantarki ba koyon wayarin ba ne. Shekara biyar ake yi, kuma mafi yawansu a kan allo da takarda suke ƙarewa. Shekarar farko lissafi ne da fiziks da kemistiri, tare da sauran ɗaliban kimiyya. A ta biyu za a haɗa ka da masu karanta injiniyan gini da na injina, ku yi zane, ku yi ilimin zafi da na ƙarfin ƙarfe, ku shiga wokshof ku yi walda da fiƙe ƙarfe. Sai a ta uku kake shiga gidanku sosai, a fara maka bayanin yadda wuta ke zagayawa a da'ira, da maganaɗisu, da abin da ke faruwa a cikin taransifoma da janareto, kuma kowane bayani da lissafi ake yin sa. Na ga ɗalibin da ya iya naɗa kwayil tun kafin ya shigo jami'a, amma lissafin aji biyu ya riƙe shi shekara guda cur. Na kuma ga wanda ya fita da sakamako mai kyau, aka ce ya gyara soket a gidansu ya tsaya yana sosa ƙeya. Don haka zaɓin farko ba tsakanin Zariya da Kano yake ba.

Zaɓin farko tsakanin jami'a ne da foliteknik. A foliteknik, irin ta Kaduna, za ka yi ƙaramar difloma shekara biyu, ka fita aikin koyo na shekara ɗaya, ka dawo ka yi babbar difloma shekara biyu. Idan ka lissafa, shekara biyar ɗin ce dai. Bambancin shi ne hannunka zai fi taɓa kaya, kuma tun bayan shekara biyun farko kana da takardar da za ka nemi abinci da ita. Ga yaron da gidansu ba za su iya ɗaukar nauyinsa shekara biyar a jere ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama. Hukumar COREN, wadda tun 1970 take kula da aikin injiniya a Najeriya, ba ta yi wa mai babbar difloma rajista a matsayin injiniya kai tsaye. Rukunin masu fasaha take sa shi, sai ya ƙara karatu sannan ya haye. A aikin gwamnati ma an daɗe ana kukan bambancin da ake nuna wa masu difloma wajen ƙarin girma. Akwai hanyar tsakiya da mutane da yawa ba sa lura da ita: ka yi ƙaramar difloma, idan sakamakonka ya yi kyau ka nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Za ka ƙara shekara ɗaya a kan tafiyar, amma za ka shiga aji kana sanin yadda mita take, kana kuma iya riƙe ƙarfen soda, wanda ake liƙe wayoyi da shi. A ganina, ga yaron nan mai kwance rediyo, wannan ce hanyar da ta fi dacewa.

Idan jami'ar aka tsayar, to sai maganar reshe, kuma a nan na fi son mu daɗe. A da, kwas ɗaya ne: ka karanta komai, a shekarar ƙarshe ka karkata ko dai ga babbar wuta ko ga ƙarama. Babbar wuta ita ce ta tashoshi da manyan layuka da taransifoma da injinan masana'antu. Ƙarama ita ce ta na'urori, sadarwa, kwamfuta da sarrafa injina. Yanzu jami'o'i da yawa sun raba gida. A Jami'ar Ahmadu Bello lantarki daban, kwamfuta daban, sadarwa daban. A Bayero ma za ka tarar da digirin lantarki, na kwamfuta, na sadarwa, ga kuma mekatironik, wanda ya haɗa lantarki da injina. Wasu kuma, irin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi da Jami'ar Maiduguri, suna riƙe da sunan nan mai haɗa lantarki da ilektironik.

Yaro ɗan shekara goma sha bakwai bai san wanne zai so ba, domin bai ɗanɗana ko ɗaya ba. Sunan ne kawai ke burge shi. Shi ya sa nake cewa a ɗauki mai faɗin, wato lantarki zalla ko lantarki da ilektironik, sai fa in akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Mai digirin lantarki yana samun aiki a kamfanin waya, yana shiga harkar kwamfuta idan ya koyi rubuta manhaja, amma mai digirin sadarwa da wuya a ba shi tashar rarraba wuta ya riƙe. Ka duba ma inda aikin yake a ƙasar nan tamu. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, KEDCO ke da Kano da Katsina da Jigawa, na Kaduna ke da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, ga na Jos da na Yola, ga TCN mai manyan layuka. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa tasu kasuwar wuta. Sola kuwa ta shiga ko'ina, daga shagon mai cajin waya har asibiti da rijiyar burtsatse ta noman rani. Duk wannan gonar mai babbar wuta ce. Sadarwa ta yi tashenta bayan zuwan wayar salula a 2001, kuma har yanzu akwai aiki a cikinta, sai dai manyan ofisoshin suna Legas da Abuja, kuma abin da ya fi yawa a wajenmu kula da turakun sabis ne, wanda rabinsa ma aikin janareto da batir ne.

Injiniyan kwamfuta kuma a yi hattara da shi. Da yawa suna cike shi ne da zaton za a koya musu haɗa manhajar waya, su tarar da zanen ƙwaƙwalwar na'ura da lissafin sigina. Wanda manhaja kawai yake so, kimiyyar kwamfuta ta shekara huɗu ta ishe shi.

To, wace jami'a? Kafin a zo ga suna, akwai takarda biyu da ba a ciniki a kansu: amincewar NUC, hukumar da ke kula da jami'o'i, da ta COREN. Kuma kwas ake amincewa da shi, ba jami'a ba. Jami'a tana iya zama tsohuwa mai suna, ta buɗe sabon sashe wanda bai samu amincewar ba tukuna. Izinin kuma na wa'adi ne, ana sabunta shi, don haka abin da yayanka ya sani shekara bakwai da suka wuce ba hujja ba ne yau. Wanda ya gama kwas marar amincewa, ranar da ya je neman rajistar COREN bayan shekara huɗu yana aiki zai ga ta kansa. Ba kuma kwalliya ce rajistar ba: da ita ake sa hannu a zanen aiki, ana kuma tambayar ta a manyan kwangiloli da ƙarin girma. A 2023 COREN ta samu shiga yarjejeniyar Washington a matakin wucin gadi, wadda ƙasashe ke amfani da ita wajen karɓar digirin injiniyan juna, abin da ya ƙara wa amincewarta nauyi ga mai tunanin fita waje.

Bayan wannan, abin da nake aunawa shi ne garin da jami'ar take. A aji huɗu ana tura ɗalibi koyon aiki na wata shida, shirin nan da ake kira SIWES, kuma a wata shidan nan ne da yawa suke gane abin da suka yi shekara uku suna haddacewa. Zariya, wadda jami'arta ta fara a 1962, tana da tsofaffin ɗalibai a kusan duk ma'aikatar da ka shiga, kuma wannan yana buɗe ƙofa. Ga Kaduna kusa, da babbar tashar wuta ta Mando. Kano tana da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da tashar wuta ta Kumbotso, kuma ita kanta Bayero tana da tashar sola da aka ƙaddamar a 2019 a cikin harabarta. Ɗalibin jami'ar jiha da ke Wudil, wadda yanzu ake kira Aliko Ɗangote, shi ma Kanon ce kasuwarsa. Jami'ar fasaha ta Minna tana jihar da ke da madatsun Shiroro da Kainji da Zungeru, kuma Abuja ba nisa; wanda zuciyarsa ke kan samar da wuta ya dubi nan da kyau. Ɗalibin Bauchi yana kusa da kamfanin simintin Ashaka da madatsar Dadin Kowa a Gombe. Maiduguri ta samu tashar wuta mai aiki da iskar gas a 2023, bayan doguwar wahalar da ta sha sakamakon lalata turakun da ke kawo mata wuta.

Zariya da Kano sun fi cunkoso, makin da suke yankewa ya fi tsauri. Yaron da makinsa ke tsaka-tsaki ya nace sai su, sau da yawa ko ya zauna gida shekara guda, ko a ba shi fiziks ko lissafi zalla ya karɓa yana ƙunƙuni. Gara gurbin lantarki a Bauchi ko Yola ko Wudil a hannu. A tuna kuma jami'o'in tarayya suna ware kaso ga jihohin da ke kewayensu, don haka jihar da ka fito tana shafar damarka.

Jami'o'i masu zaman kansu, irin Nile da Baze a Abuja, abin da kake saye a wurinsu lokaci ne da ƙarancin ɗalibai a aji. Wanda ya ga yajin aikin ASUU na 2020 da na wata takwas a 2022 ya san darajar shekara biyar ta tsaya a biyar. Amma kuɗinsu na masu hali ne, kuma gini mai ƙyalli ba shi ne ɗakin gwaji ba. Ka nemi a nuna maka ɗakin injina, ka tambayi malamai nawa ne nasu na dindindin.

Fita waje kuma iri-iri ne. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da makarantar EMIG ta ilimin ma'adinai da masana'antu a Yamai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, kuma da Faransanci ake karatun. Ɗan Najeriya da ke tunanin wata jami'a a maƙwabta ya tuna cewa a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Duk inda za ka, tabbatar da ma'aikatar ilimi ta san da makarantar kafin ka biya ko sisi. Ni dai shawarata a yi digirin farko a gida, a ajiye kuɗin waje don digiri na biyu, lokacin da mutum ya san reshen da yake so.

A lissafin kuɗi, iyaye suna tsayawa ne a kan kuɗin rajistar makaranta, wanda jami'o'in tarayya da dama suka ƙara a 2023. Akwai rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, tun 2024, yana ragewa. Abin da ake mantawa shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda daga aji uku ba makawa sai da ita saboda manhajoji irin MATLAB da Proteus da AutoCAD. Ba sai sabuwa ba, ta hannu mai lafiyayyen batir ta wadatar, kuma batirin ya fi komai, don ɗalibin lantarki ma a duhu yake karatu. Ga kuɗin zama a wani gari lokacin koyon aiki, ga furojet na aji biyar wanda daga aljihunka za ka sayi kayansa. Ka ƙara da 'yar mita ta auna wuta da allon Arduino, wato ƙaramin allon gwajin haɗa na'urori, tun da wuri. Na koyi abin da ya fi yawa a kan teburin ɗakina da a ɗakin gwajinmu, inda mu kusan ashirin muke zagaye na'ura ɗaya, mutum biyu suna taɓawa, sauran muna kwafar lambobi.

'Yan mata kuma, kada a tsorata ku da hawa falwaya. Zane, sarrafa injina, tsara sola da kula da layi daga ɗakin na'ura duk aikin injiniya ne, kuma ba tsani a ciki.

Kafin ka tura fom, ka kashe kuɗin mota ka je sashen da kanka. Kada ka tsaya a ofis. Nemi ɗan aji huɗu ko biyar a gindin bishiya, ka tambaye shi sau nawa ya kunna na'ura da hannunsa a zangon da ya wuce, ina ya yi koyon aikinsa, shi ya nemo wa kansa ko sashen ne ya tura shi, kuma 'yan ajin da suka gabace su ina suke yanzu. Sannan ka tabbatar kana da kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, waɗanda su ne kuma darussan da za ka rubuta a JAMB. Jami'ar da kake so da gaske ka sa ta a zaɓin farko, domin manyan ba su cika waiwayar wanda ya sa su na biyu ba. Gurbin foliteknik da ke cikin fom ɗin kuma kada ka bar wa mai shagon intanet ya cike maka shi da abin da ya ga dama.