Akanta: jami'a ko foli haɗe da ATS, amsa ga Alhajinmu na Agege

Alhaji Allah ya ƙara girma, na ga tambayarka tun jiya kan yaron nan naka mai son karatun akanta, ko jami'a ko foli, wanne ne kuɗinsa da dama-dama kuma wanne ake cin abinci da shi bayan an gama. Ni dai kar in ja ka da nisa, ka kai shi YABATECH, wato folin da ke Yaba, ya yi ND, ƙaramar difloma, kuma tun samistan farko ka yi masa rajistar ATS, jarabawar ƙananan akantoci. Hanyar da na bi ke nan, kuma da ita nake riƙe da gida yau.

Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne a wannan harkar ba sunan makaranta ake fara tambaya ba, in ka zauna gaban masu intabiyu a Ikeja ko Victoria Island abin da za su ce maka shi ne ina ka kai a ICAN. Ita ce ƙungiyar ƙwararrun akantoci da aka kafa tun 1965, akwai kuma wata ƙungiyar akantocin, ANAN, mai kwalejinta a Kwall kusa da Jos, amma a kamfanonin Legas ICAN ta fi tashe, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. To shi ATS ƙaramar ƙofar shiga ICAN ce, ba ya buƙatar JAMB ba ya buƙatar digiri, kiredit biyar na sakandare da Turanci da Lissafi a ciki shi ke nan. Mataki uku ne, kowane mataki takarda huɗu, ana zama a watan Maris da Satumba, yaro mai himma da bai faɗi ko ɗaya ba cikin shekara ɗaya da rabi ya kammala. In ya gama an ɗauke masa matakin farko na babbar jarabawar ICAN gaba ɗaya, sai ya faɗa mataki na biyu kai tsaye. Kuma daɗin abin ga mai ƙaramin ƙarfi, kuɗin ba dunƙule ake biya ba, zama-zama ne, in kasuwa ta yi nauyi a Maris sai a bari sai Satumba ba wanda zai kore shi.

Ni lokacin da nake ND ɗin da safe ina Yaba, da yamma ina Mile 12 wajen kawuna ina riƙe masa littafin bashin albasa, wanda ya ɗauki buhu nawa, wanda ya kawo rabi, direban da aka ba kuɗin mai daga Aliero. Abin da malami ya koya mana ranar Talata shi nake gwadawa a littafin kawu ranar Laraba, har mutanen rumfa suka sa min suna Odita suna dariya. Da shekarar IT ta zo, wato shekara ɗayan nan ta koyon aiki tsakanin ND da HND, babbar difloma, na samu wuri a wani kamfanin manyan motoci a Apapa, a lokacin na ci ATS mataki na biyu. Wata na uku aka ba ni takardun banki in daidaita da littafin kamfani, aikin da kowa ke gudu, ina bi layi-layi sai na ga an biya wani mai kawo taya sau biyu kan risit ɗaya, lamba ɗaya kwanan wata daban. Na kai wa madam ɗin da ke shugabantar ofis jikina na rawa don ban san ko hannun wani babba na ciki ba, ta duba ta sake dubawa ta ce wa ya koya maka wannan. Wallahi Alhaji IT bai ƙare ba sai da suka ce in na gama HND kujerata na nan, kuma suka cika alkawari. Kuɗin sauran jarabawata ma rabi su suka biya.

Sai maganar kuɗin mota, wanda ni a ganina shi ne ainihin kuɗin makaranta a garin nan, ba wanda ake rubutawa a takarda ba. Daga Agege yanzu akwai jirgin ƙasa na Red Line da ya fara aiki a 2024, yana tsayawa Yaba, yaro ya kwana gida ya ci tuwon gida, ba kuɗin hostal ba kama ɗaki. Mu a zamaninmu danfo ne da cunkoson Oshodi, wani lokacin lacca ta ƙarfe takwas sai ka fita bayan asuba.

Jami'a kuwa, to, tana da kyau, ban ce ba ta da shi ba. UNILAG suna ne babba, LASU ma ba laifi sai dai ka lissafa hanyar Igando zuwa Ojo kullum. Amma shekara huɗu ce in Allah ya tsare, ka tuna yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas cur yara na gida, kuma samun gurbin akanta a wurin ba wasa ba ne, yaro zai iya zaman shekara biyu yana sake JAMB. A 2023 UNILAG ta ɗaga kuɗi daga wajen dubu 20 zuwa sama da dubu 100 kafin a ɗan rage bayan ɗalibai sun yi zanga-zanga. Akwai bashin karatu na gwamnati, NELFUND, da aka fara a 2024, ba ruwa a ciki, sai bayan bautar ƙasa da shekara biyu ake fara biya, amma wannan ɗan foli na gwamnati ma yana samu, ba na jami'a kaɗai ba ne. Inda zan ba masu jami'a gaskiyarsu wuri ɗaya ne, aikin gwamnati da wasu bankuna har yau suna fifita mai digiri kan mai HND, majalisa ta zartar da dokar hana wannan bambanci a 2021 amma ba a sa mata hannu ba. Manyan kamfanonin odit irin su KPMG da PwC su ma suna son sakamako mai kyau da ƙananan shekaru. To ko wannan ɗin akwai maganinsa, in ya fita ND da sakamako mai kyau ga ATS a hannu, jami'o'i da yawa na ɗaukar irinsu aji biyu ta DE, wato shiga kai tsaye da difloma, ka ga bai yi asarar komai ba, kuma ya shiga yana da abin neman kuɗin kansa.

NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'a, da karatun nesa na UNILAG na masu aiki ne irina, ba na yaro ɗan sha bakwai ba, zai zauna gida ya ce yana karatu a waya kai kuma ba ka da hanyar ganewa.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, don ni an dafa ni. Bayan na fara aiki zuciya ta raya min sai na yi digiri ko ta halin ƙaƙa, wani ejan mai bakin zuma ya kai ni wata cibiya a saman wani filaza, karatun Asabar da Lahadi, wai reshen wata jami'a ce ta wata jiha. Akwai allo akwai kalanda har da hoton masu rigar yaye ɗalibai a bango. Shekara biyu ina zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya, ranar da na tashi na je can uwar makarantar aka duba aka ce ba su san da ni ba, ba su san da cibiyar ba. Kuɗin da na narkar a nan da ya kai ni ƙarshen ICAN da canji. Har yau in na bi ta gaban ginin nan sai na kau da kai, yanzu ma shagon gyaran waya ne a wurin.

Don haka duk wanda ya ce maka yana da hanya, ko ya ce a kai yaro Kwatano ya dawo da digiri cikin shekara ɗaya, ka ce masa Allah ya ba da sa'a. Ai kowa ya ji ɗan jaridar nan da ya samo digiri daga can cikin mako shida, a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, waɗanda suka biya suna nan riƙe da takarda ba ta sayen ko ruwan leda. Adimishan ɗin da bai fito a CAPS, shafin adimishan na JAMB, ba babu shi, kuɗin makaranta ba a turawa asusun mutum, rajistar ATS kuma a shafin ICAN ake yi ko a je ofishinsu na Ebute Metta, masu lesin koyarwa kawai suke yi. Sannan ND ɗin ya zama na cikakken lokaci, na yamma ya sha jawo wa yara matsala wajen tafiya bautar ƙasa.

Ka sa ya cika YABATECH a fom ɗin JAMB, Lissafi da Tattalin Arziki su zama cikin darussan da zai zauna, kuma kafin a fara ya je ya koyi Excel sosai ko wata biyu ne. Littattafaina na ATS mataki na ɗaya suna nan a kwali, wasu sun tsufa musamman abin da ya shafi haraji don an canza dokoki, amma na lissafin za su yi masa amfani. Ka turo shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya karɓa.